Darasi: Ƙofar da Aka Kulle

Darasinmu na wannan wata a kan dokokin da ke tsare ran ma'aikaci ne a wurin aikinsa. Za mu koye shi daga abin da ya faru a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka a 1911.

A birnin nan akwai wata ma'aikatar ɗinkin rigunan mata, sunanta Triangle. Tana hawa na 8 da na 9 da na 10 na wani dogon bene. Mutum wajen 500 ke aiki a ciki, yawancinsu 'yan mata baƙi, Yahudawa da mutanen Italiya, masu ɗaukar nauyin iyaye da ƙanne da ɗan albashinsu. Ran Asabar, 25 ga Maris, da la'asar, ana dab da tashi, sai wuta ta kama cikin tarin ƙyallaye a hawa na 8. Waɗanda ke hawa na 9 ba su sami labari da wuri ba. Da suka ruga wajen wata ƙofa, sai suka iske ta a kulle, gama masu ma'aikatar sukan kulle ta domin kada wata ta fita da ƙyalle a ɓoye. Matakalar ƙarfe ta waje ta karye da mutane a kanta. Tsanin 'yan kwana-kwana kuwa bai wuce hawa na 6 ba. Da yawa suka yi tsalle ta taga. Kafin rabin sa'a, mutum 146 sun mutu, mata 123, maza 23. Ƙananan cikinsu shekararsu 14.

Mu lura da abu guda, domin shi ne zuciyar darasin. Ba rashin doka ya kashe su ba. Tun kafin ranar nan dokar jihar ta hana kulle ƙofar ma'aikata a lokacin aiki. Tana nan a rubuce, amma ba wanda ke jin tsoronta. Aka gurfanar da masu ma'aikatar su biyu, Max Blanck da Isaac Harris, bisa zargin kisa. A watan Disamba na shekarar aka sallame su, wai ba a tabbatar sun san ƙofar tana kulle a sa'ar ba. A 1913 aka sāke kama Blanck ya kulle ƙofa a wata ma'aikatarsa mutane suna ciki. Tarar da aka ci shi dala 20 ce. To, mu yi lissafi irin na ɗan kasuwa. In tara ba ta kai kuɗin rigunan da mutum ke tsoron a sace masa ba, me zai hana shi ya biya, gobe ya koma ya kulle?

Sai kuma iyalan da aka bari. A nan akwai abin mamaki. A 1910 jihar ta yi doka cewa in ma'aikaci ya ji rauni ko ya mutu a wasu ayyuka masu haɗari, a biya diyya, ba sai an tabbatar da laifin maigida ba. Ran 24 ga Maris 1911, wato kwana ɗaya tak kafin gobarar, babbar kotun jihar ta rushe dokar, ta ce ta taɓa haƙƙin masu dukiya. Tunanin zamanin ke nan: sai gwauruwa da maraya su kai ƙara da kansu, su ɗauki lauya, su yi jira. Iyalai 23 suka kai ƙarar gobarar Triangle. A 1914 aka biya dala 75 a kan kowane rai. Masu ma'aikatar kuwa, kamfanonin inshora sun biya su wajen dala 60,000 fiye da hasarar da suka yi. Wanda ya iya raba 60,000 gida 146 ya raba, ya gwada da 75.

Cikin waɗanda suka tsaya a titi ranar nan suna ganin 'yan matan suna faɗowa akwai wata mace, Frances Perkins. Majalisar jihar ta kafa kwamitin binciken ma'aikatu, Robert Wagner da Alfred Smith suna shugabanci, ita kuwa ta yi aiki tare da su. Ba su zauna a ofis ba, suka bi ma'aikatu suka gani da idonsu. Tsakanin 1911 da 1914 aka yi sababbin dokoki fiye da 30: ƙofa ta riƙa buɗewa waje, a hana shan taba a wurin aiki, a kwashe ƙyallaye, a sa famfunan da ke sakin ruwa da kansu a dogayen benaye, a riƙa gwada ma'aikata yadda za su fita in wuta ta tashi. Aka kuma ƙara masu duba ma'aikatu da ikonsu, wannan kuwa a ganinmu ya fi sauran, gama takarda ba ta hawa bene ta taɓa kwaɗo. A 1913 aka gyara tsarin mulkin jihar domin dokar diyya ta tsaya. A 1933 Perkins ta zama ministar ƙwadago ta Amurka, mace ta fari da ta riƙe muƙamin minista a ƙasar.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Dokar ma'aikatu ta Nijeriya ta 1987 ta hana kulle ƙofa yadda na ciki ba za su iya buɗewa ba. Duk da haka a 2002 wuta ta tashi da dare a wata ma'aikatar roba a Ikorodu, kusa da Legas, ma'aikata da yawa suka ƙone, aka kuwa ba da labari cewa a kulle su ke. A 2010 aka yi dokar diyyar ma'aikata: maigida ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya a wani asusu, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni, ko matarsa da 'ya'yansa in ya mutu. Mai karatu da ke aiki a masaƙa ko injin casar shinkafa ya tambaya ko maigidansa yana zubawa, gobe kuma in ya shiga aiki ya duba ƙofa nawa ke buɗe, a hannun wa mabuɗin ya ke.