Sirrin da ke Cikin Ɗigon Jini da Kariyar da Doka ta Ba Shi

Gabatarwa

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato akwai abin da ya kamata mutum ya riƙe wa kansa. To amma a wannan zamani, ɗigon jini guda da aka kai ɗakin gwaji ya isa ya bayyana abin da mai shi bai faɗa wa kowa ba. Wannan darasi zai duba dalilin da ya sa doka ta ba irin waɗannan bayanai kariya ta musamman.

Bayanin da Ba na Mutum Ɗaya Ba

A cikin ƙwayar halittar ɗan'adam akwai zaren gado guda 46, an samu 23 daga uba, 23 daga uwa. Saboda haka sakamakon gwajin mutum ɗaya yakan shafi danginsa. Alal misali, idan aka gano yaro yana da rukunin SS na cutar sikila, an gano ke nan cewa uwarsa da ubansa duk suna ɗauke da gadon S, ko da ba a gwada su ba. Haka kuma mutum yana iya sauya lambar waya ko ta asusun banki, amma ba ya iya sauya gadon jininsa.

Darasi Daga Amurka

A shekarar 1951, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, an yanki ƙwayoyin ciwon daji daga jikin wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks ba tare da saninta ba. Ta rasu a shekarar, amma ƙwayoyin, waɗanda aka raɗa wa suna HeLa, sun ci gaba da hayayyafa a ɗakunan bincike. A 2013 wasu masana a Jamus suka wallafa tsarin gadon ƙwayoyin ba da izinin iyalinta ba, alhali bayanin ya shafi jikokinta. Daga baya a wannan shekara aka yi yarjejeniya da iyalin, aka kuma sa wakilansu cikin kwamitin da ke duba buƙatun masu neman bayanan.

Abin da Dokar Nijeriya ta Tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu ta tarho. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin sa ido. Dokar ta sanya bayanan gado da na lafiya da zanen yatsu cikin rukunin bayanai masu buƙatar tsananin kulawa. Ta ba mutum haƙƙin sanin dalilin karɓar bayanansa, da neman a gyara kuskure, da janye yardarsa. Idan bayanan yaro ne, yardar iyaye ko waliyyi ake nema. Idan kuwa bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72.

Kammalawa

Makarantu sukan riƙe takardun lafiyar ɗalibai, don haka wannan nauyi ya hau kansu. Bai dace malami ya karanta sakamakon gwajin ɗalibi a gaban aji ko ya liƙa shi a allon sanarwa ba, domin hakan kan jawo tsangwama ga ɗalibin da 'yan'uwansa, har ya kai ga batun aure. Shi ma ɗalibi ya kamata ya tambayi wanda zai ga sakamakon da inda za a adana shi tun kafin a ɗebi jininsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa bayanin gadon mutum ɗaya yake shafar danginsa?
2. Wane sashe na Tsarin Mulki ne ya kare sirrin 'yan ƙasa?