Ƙirƙirarriyar Basira Da Sana'ar Ƙunshi: Nazari Daga Nasarawa Gwom, Jos

A ƙasashen Turai da Amurka, masu ƙananan shagunan zanen jiki da allura, watau tatu, sun shiga amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen tsara lokacin zuwan abokan ciniki da amsa saƙonni da fitar da samfurin zane. A arewacin Nijeriya irin wannan zane na dindindin ba shi da wata kasuwa ta a-zo-a-gani. Sana'ar da ta fi kusa da shi ita ce ƙunshi, wadda mata suka daɗe suna riƙe da ita, kuma ta fuskar kasuwanci ta fi tatu da abu guda: lalle yana gogewa cikin mako biyu zuwa uku. Mai zanen allura yakan yi wa mutum aiki ya rabu da shi shekara da shekaru, amma mai ƙunshi, in har hannunta ya yi kyau kuma ta iya mu'amala, abokiyar ciniki guda za ta yi ta dawowa, suna da biki da Sallah.

A unguwar Nasarawa Gwom da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, kamar a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, akasarin masu wannan sana'a ba su da shago na musamman. Wata a ɗakinta take yi, wata a tsakar gida, wata kuma ta raɓa a shagon kitso. Jarin bai taka kara ya karya ba: garin lalle, da dayis, da salatif, da leda, da reza, da mahallabiya. Ainihin uwar kuɗin ita ce hannun mai sana'ar da sa'o'in da za ta iya zama a duƙe tana zane. Wannan jari ba a sayo shi a kasuwa, ba a kuma ajiye shi don gobe. A jajiberin Sallah mata na cika gida har dare ya raba, ana korar wasu don babu lokaci. Mako biyu bayan haka kuwa sai a wuni ba a ga kowa ba. Duk wata na'urar da ba ta taimaka wajen sarrafa waɗannan sa'o'i ba, amfaninta ga mai ƙunshi kaɗan ne.

Manhajojin da ake magana a kansu sun shigo hannun jama'a ne tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sanya tasa manhajar, Meta AI, a cikin WhatsApp ga masu amfani da shi a Nijeriya, abin da ke nufin cewa duk mai ƙunshin da ke da babbar waya tana ɗauke da irin wannan na'ura, ko ta sani ko ba ta sani ba. An horar da waɗannan manhajoji ne da ɗimbin rubuce-rubuce, kuma aikinsu shi ne harhaɗa amsar da ta fi kama da daidai. Saboda haka sun iya tsara magana da jera lissafi, amma ba su san nawa ake sayar da garin lalle a kasuwar Taminus a yau ba. In an tambaye su, maimakon su yi shiru, sukan ƙirƙiro wani adadi su faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa.

Inda suka fi amfani shi ne wurin da masu ƙananan sana'o'i suka fi rauni, watau yanke farashi. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da kuma sakin darajar naira a watan Yunin wannan shekarar, kayayyaki suka yi ta hauhawa, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Mai shinkafa yakan sauya farashinsa a ranar da buhu ya tashi. Mai ƙunshi kuwa kunya takan hana ta, domin masu zuwa wurinta maƙwabta ne da dangi da ƙawaye, sai ta ci gaba da karɓar kuɗin bara alhali kuɗin keke da na kayan aiki sun ninka.

Ga misali na lissafi, da alƙaluman da aka ɗauka don bayani kawai. A ɗauka ana biyan wata mai ƙunshi naira 15,000 don ta je gida ta yi wa amarya ja da baƙi, hannu da ƙafa. Kayan aiki sun ci naira 3,000, keke zuwa da dawowa naira 1,500, yarinyar da ke taya ta yankan salatif naira 2,000. Abin da ya rage shi ne naira 8,500. Aikin ya ɗauki awa biyar, hanya ta ci awa ɗaya, watau kowace awa ta kawo mata kimanin naira 1,400. A ɗaya ɓangaren, ƙaramin zanen bayan hannu na naira 1,500 yana ɗaukar minti ashirin, kayan aikinsa naira 200, ribarsa naira 1,300. Guda uku a awa ɗaya sun ba da naira 3,900. Ashe ke nan aikin da take alfahari da shi, wanda take sa hotonsa a waya, shi ne mafi ƙarancin riba idan aka auna da lokaci.

Wannan ba ya nufin a daina karɓar amare. A ranar Talatar da babu kowa a ƙofa, naira 8,500 ta fi zaman banza nesa ba kusa ba, kuma amarya takan jawo ƙawayenta. Abin da lissafin ke nunawa shi ne cewa farashin awa ɗaya ba ɗaya ba ne a duk shekara. Masana tattalin arziki suna cewa tsadar kowane zaɓi ita ce abin da aka bari domin a yi shi. A ranar da layi ya kai waje, awa shidan amarya sun hana ta naira 23,400. In aka haɗa da naira 6,500 da aka kashe, sai aikin ya kai kusan naira 30,000 kafin ya biya kansa. Ko dai amarya ta biya hakan, ko a matsar da ita wata rana.

Irin wannan lissafi manhaja takan yi shi cikin ƙiftawar ido, ta kuma sake shi duk lokacin da farashin wani abu ya motsa. Abin da ake bukata shi ne a ba ta bayani a fili, alal misali: "Ina sana'ar ƙunshi a Jos. Ga kuɗin da na karɓa a kan kowane aiki a wannan mako, ga abin da na kashe, ga lokacin da kowanne ya ɗauka. A fitar mini da ribar awa ɗaya a kowane irin aiki." Sharaɗin dai shi ne a sami alƙaluman da za a ba ta, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Mata da dama ba su rubuta komi. Kuɗin ƙunshi da na cefane a jaka ɗaya suke kwana. Ƙaramin littafi mai layi huɗu, watau ranar aiki da irin aikin da kuɗin da lokacin da ya ci, ya isa, in an riƙe shi wata guda ba fashi. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira, ya tura mutane da yawa ga biya ta OPay da Moniepoint da makamantansu, don haka rabin bayanin ma yana nan a waya. Sai dai a cire sunayen mutane da lambobin asusu kafin a miƙa wa manhaja, a kuma bi jimlar da kwakuleta, domin takan yi tuntuɓe a lissafi mai sauƙi.

Haka kuma akwai abubuwan da sai ɗan gari ya sani. Jos na bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma lalle ya fi saurin kama fata a cikin ɗumi. A sanyin Disamba da Janairu, wadda aka ƙunshe wa ƙafa takan daɗe a zaune fiye da takwararta ta Kano a watan Afrilu, tana tare da tabarma da wurin zama. Manhajar da aka ce ta tsara layin mutum goma sha biyar ba za ta sa wannan a lissafi ba sai an gaya mata.

Amfani na biyu shi ne saƙonni, kuma a Jos wannan yana da nauyi na daban. Rikice-rikicen da garin ya sha a 2001 da 2008 da 2010 sun sa jama'a sun koma zama unguwa-unguwa, sannan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Jos a watan Fabrairun 2002 ta tarwatsa wurin da kowa da kowa ke haɗuwa. Amma son ado bai san wannan iyaka ba. Akwai ɗaliban Jami'ar Jos, da matan Rayfield da Bukuru, da masu shirin Kirsimeti, waɗanda ke son lalle amma ba lallai su tako har cikin unguwa ba, wasunsu ma da Turanci kawai suke rubutu. Waya ce ke haɗa su da mai sana'a. Manhaja za ta iya rubuta jerin farashi da Hausa da Turanci, da saƙon tuni ga wadda ta kama rana, da bayanin yadda ake kula da lalle bayan an cire, sannan a ajiye su a WhatsApp Business a riƙa turawa. Ta fi amfani ma wajen maganar da baki ke nauyin faɗa, kamar neman kafin alƙalami kafin a tsayar wa amarya rana, ko tuna wa 'yar uwa bashin da ya kwana biyu. Hausar waɗannan na'urori dai har yanzu da saura; takan fito kamar ta baƙon da ya koyi harshe a littafi, wani lokaci ta ce wa mace "kai". Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wata manhaja mai suna N-ATLAS a watan Satumba na 2025 domin Hausa da Yarbanci da Ibo, amma ko da wace aka yi aiki, kada a tura saƙon da ba a karanta ba.

Batun zane kuwa sai an yi hattara. Manhajojin da ke ƙirƙirar hoto suna iya fitar da fulawa iri-iri, kuma babu laifi mai sana'a ta duba don ta sami sabon salo. Matsalar ita ce hoton na'ura ba ya la'akari da kaurin bakin leda, ko yadda jan lalle ke fita a baƙar fata, ko awa nawa zanen zai ci. Masu zuwa da irin waɗannan hotuna suna cewa "irin wannan nake so" gara a gaya musu gaskiya tun kafin a fara. Wadda kuma ta sa hoton na'ura a matsayin aikin hannunta, ta ci amanar ciniki, kuma a unguwar da kowa ya san kowa, amarya ɗaya da ta fita da ɓacin rai ta isa ta rufe mata kasuwa. Hotunan aikin gaske su ma ba a sa su sai da iznin mai hannun. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi neman yarda, kuma tun kafin dokar, ba kowane magidanci ne zai ga ƙafar matarsa a Instagram ya yi shiru ba.

Wurin da bai kamata a miƙa wa na'ura wuya ba ko kaɗan shi ne lafiyar fata. Lalle na asali ganye ne, kuma launin da yake bayarwa ja ne zuwa ruwan ƙasa. Ba ya yin baƙi wuluk. Abin da ke sa baƙin lalle ya yi baƙi cikin mintuna, a mafi yawan lokuta, sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, wanda hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai ba su yarda a shafa shi kai-tsaye a fata ba. Ga wasu mutane yana haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa da tabo, sau da yawa bayan kwanaki, lokacin da an riga an watse daga biki, kuma wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya yakan ci gaba da ƙin sa. Likitoci sun kuma yi gargaɗi game da sa wa jarirai lalle, ko da ja ne, saboda masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini. Manhaja za ta iya karanta rubutun jikin kwali daga hoto ta bayyana ma'anar abubuwan da aka lissafa, kuma wannan taimako ne ga wadda ba ta jin Turanci ko Larabci. Amma ƙullin da aka sayo a leda babu suna babu lambar NAFDAC, babu na'urar da za ta san abin da ke cikinsa. Wadda fatarta ta tashi, asibiti za a tura ta, ba waya za a tambaya ba.

Saura maganar kuɗin da abin zai ci. Nau'in ChatGPT na biya mai suna Plus dala 20 ne a wata, watau wajen naira 30,000 bisa canjin da aka yi ta gani a 2025, daidai da kuɗin amare biyu a misalin da ya gabata. Ƙaramar sana'a ba ta bukatar wannan. Nau'in kyauta ya wadatar ga lissafi da saƙonni. Abin da ba makawa sai an biya shi ne data, wadda ta ƙara tsada bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Rubutu ba ya cin data sosai, hoto da bidiyo ne ke lashe ta. Kuɗin data da na cajin waya a ranakun da babu wutar lantarki su ma a sa su a littafin, a layin abin da aka kashe, tare da salatif da leda.