Yadda Mai Sana'a Zai Tallata Aikinsa Ta Intanet

Ina so in yi amfani da wannan fili in bayyana wani darasi da na koya lokacin dogon hutu a shagon kawuna, wanda tela ne a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta ƙaramar hukumar Tarauni.

Da farko ya kamata mu san bambancin mai sayar da kaya da mai sana'a. Mai atamfa a Kantin Kwari ya kasa kayansa, kowa ya gani ya taya. Amma tela, da mai wanki da guga, da mai gyaran firji, da mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, abin da suke sayarwa ba a ganinsa sai an gama. Saboda haka jarinsu shi ne amana, tallansu kuwa bakin waɗanda suka yi wa aiki.

A da shagon kawu yana bakin titin Court Road, duk mai wucewa yana ganin ɗinkin da ya rataya. Da aka ƙara kuɗin haya sai ya koma wani lungu. Tsofaffin abokan cinikinsa ba su bar shi ba, amma baƙo ba ya zuwa, har ta kai ya sallami ɗaya daga cikin yaransa uku. To, a nan ne babban ɗansa, wanda ya karanta ilmin kwamfuta, ya ce tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 hanyar neman mai aiki take ta sauyawa, yanzu mutum yakan duba wayarsa kafin ya tambayi maƙwabci. Ga matakan da muka bi.

Mataki na farko shi ne samun suna da adireshi. Shafin intanet kamar shago yake, yana da adireshi, yana kuma da wurin da ake ajiye shi, dukansu ana biya musu kuɗi kamar haya. Adireshin Nijeriya yana ƙarewa da .ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kuma akan sabunta shi shekara-shekara. Wanda ya manta bai sabunta ba, shafinsa zai rufe. Yana da kyau kuma mai sana'a ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista a Hukumar CAC, domin hankalin baƙo ya kwanta.

Mataki na biyu shi ne abin da za a sa a ciki. Baƙo yana son amsar tambaya huɗu: wane aiki kake yi, ina kake, nawa ne, kuma yaya za a same ka? Mun rubuta amsoshin a taƙaice da Hausa da Turanci, muka sa lambar waya a sama. Sa'an nan muka ɗauki hotunan manyan riguna da kaftani da kayan makaranta waɗanda kawu ya ɗinka da hannunsa. Na ce mu ɗauko wani kyakkyawan hoto na wani tela mu haɗa, sai kawu ya ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka ce in ɗinka irinsa fa?" Mun kuma rage nauyin hotunan, gama shafi mai nauyi yana cin data, mai dubawa kuwa ba ya jira.

Mataki na uku shi ne jawo mutane. Shafin da ba wanda ya san da shi daidai yake da shagon cikin lungu. Saboda haka muka sa shagon a taswirar Google, wannan kyauta ne, domin wanda ya nemi tela a Tarauni ya ga hanya. Muka buɗe WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 don ƙananan 'yan kasuwa, muka riƙa sa sabon ɗinki a Facebook, muka kuma buga adireshin a ledar da ake sa wa mutane kayansu.

Mataki na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne cika alkawari. Kowa ya san ƙorafin da ake yi da teloli in Salla ta gabato. A da wanda aka saɓa wa 'yan gidansa kaɗai za su ji, yanzu kuwa rubutu ɗaya zai yi garin duka ya karanta. Don haka kawu ya daina karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa. Har wa yau a kula da 'yan damfara. Kada a ba da kaya don an nuna saƙon tura kuɗi, sai an duba asusu an ga sun shiga, kada kuma a faɗa wa kowa lambar sirri.

Ba zan ce jama'a sun yi cincirindo ba. Mako biyu ba wanda ya kira. A na uku wata mata ta bugo daga Hotoro tana neman kayan makarantar 'ya'yanta, da ta ga aiki ya yi kyau ta turo ƙanwarta. Kafin hutu ya ƙare kawu ya aika a kira yaron da ya sallama.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu mai da hankali a darasin kwamfuta, domin mu taimaki iyayenmu da shi lokacin hutu. Iyaye kuma ina roƙonku kada ku raina wannan hanya, gama zamani riga ne. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.