DARASIN HISABI: LAMBAR 2520 DA ALAƘARTA DA RABON GADO



'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan lamba ɗaya ne: 2520. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ake rabawa gida 1 har zuwa gida 10 ba tare da ragowa ba. Ɗauko wayarka ka gwada:

Rabinta 1260, sulusinta 840, rubu'inta 630, humusinta 504, sudusinta 420, subu'inta 360, sumuninta 315, tusu'inta 280, ushurinta 252.

To, daga ina ta samu wannan? Ba wani asiri ba ne. Kowace lamba tana da tubalan da aka gina ta da su, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7. Tubalan 2520 su ne:

2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7

An sa 2 sau uku domin 8 ta shiga, an sa 3 sau biyu domin 9 ta shiga, sai 5 da 7. Su kuwa 4 da 6 da 10 sun riga sun samu gurbi a ciki. Ka cire tubali ɗaya, ginin ya rushe. Hanyar haddace ta: 7 × 30 × 12.

Rukuninta kuwa:

1. Cika ce, ba mara ba.
2. Lambobi 48 ne ke raba ta daidai, kuma babu lambar da ke ƙasa da ita da ta kai haka.
3. Malaman hisabi sun kasa lambobi gida uku: tammi, naƙisi da za'idi. Ana tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta zo daidai da ita, tammi ce, kamar 6 (1+2+3). In ta gaza, naƙisi ce. In ta haura, za'idi ce. Jimillar 2520 ita ce 6840, saboda haka za'idi ce.

Amma tana da iyaka: ka raba ta gida 11, sai 1 ya yi saura.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Wannan hanyar ce ake bi wajen fitar da asalin mas'ala a ilimin gado. Kason da Alƙur'ani ya yanke shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Ƙaramar lambar da ta ɗauke su duka ita ce 24. Misali, mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji: mata sumuni, kashi 3, uwa sudusi, kashi 4, ɗa ya ɗauki ragowar 17.

Ka ga ke nan wanda ya kuskure lambar farko, haƙƙin bazawara ko maraya ne zai salwanta a hannunsa. Don haka ɗalibi kada ya raina lissafi.

Aikin gida: wace ƙaramar lamba ce ke rabuwa daga 1 har zuwa 12?

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.