Me Ya Sa Murfin Tukunya Yake Rawa?



Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ana dafa wake ya ga murfin tukunya yana rawa kamar zai tashi. Mu 'yan aji biyu mun tambayi malamin kimiyya dalili, ga abin da muka koyo.

Ruwa yana tafasa a wajen digiri 100 na ma'aunin Salsiyos, ya zama tururi. Tururi ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kullum a guje suke suna dukan tukunya da murfinta. Wannan dukan shi ake kira matsi. A tukunyar gida, tururin yana ɗaga murfi ya fice. Shi ya sa komai yawan itacen da aka zuga, zafin ruwan ba ya wuce haka.

To, idan aka ɗaure murfin gam fa? Girman tukunya bai canza ba, tururi kuma ba shi da mafita. Zafi na ƙaruwa, ƙwayoyin na ƙara yawa da gudu, matsi na hauhawa. A digiri 120 ya kai ninki biyu na matsin iskar waje. A digiri 180 ya kai ninki goma!

A shekarar 1679 wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera tukunya mai ɗaurarren murfi wadda take laushe har ƙashi. Ya kuma yi mata ƙofar da tururi zai fita idan matsi ya yi yawa, don kada ta fashe. Jikarta ce tukunyar zamani mai fito da ke dafa wake da wuri.

Wannan darasi ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu muna zuwa garejin bakanike a Takur bayan an tashi. Kada mu taɓa buɗe murfin lagireton mota da zafinsa. Ruwan ciki kan wuce digiri 100, matsi ne ya hana shi tafasa. Ana buɗewa sai ya feso a fuska. Haka kuma ranar shara, kada mu jefa gwangwanin maganin sauro cikin wuta, don shi ma a rufe yake.

Tambayar mako: me ya sa ake huda ƙasan madambaci? A kawo amsa wajen ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a.