Yadda Ƙaramin Manomi Zai Sami Rancen Noma

Duk wanda ya zauna a Hotoro, yana ganin manyan motoci na shigowa ta hanyar Maiduguri ɗauke da shinkafa shanshera da gyaɗa da waken suya, suna nufar masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya san injinan nan ba su da abinci sai abin da talaka ya noma a Warawa ko Wudil ko Gaya. Amma kuwa talakan nan, da zarar damina ta kankama, shi ne ke rasa kuɗin taki, har lalura ta jefa shi hannun masu ba-da-kaka, waɗanda ke sayen amfaninsa da arha tun yana gona. Ga hanyar da ta fi wannan aminci.

Da farko, ka shiga ƙungiyar gama kai ta manoman garinku, wadda ta yi rajista da gwamnatin jiha, domin banki, tun da bai san gonarka ba, bai kuma san halinka ba, ya fi natsuwa da jama'ar da ke tsaya wa juna. Ko shirin rancen da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi cikin 2015, ta hannun ƙungiyoyi ya riƙa isa ga manoma.

Na biyu, ka buɗe asusun ajiya da sunanka, ka tanadi lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa da hotuna, da takardar shaida daga dagaci ko mai unguwa cewa gonar taka ce ko aro aka ba ka, sa'an nan ka riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, ko da kuɗin adashi ne, don a ga alamar tattali.

Na uku, ka nemi malamin gona na hukumar KNARDA ya auna gonar, ku ƙididdige iri da buhunan taki da maganin feshi da ladan 'yan ƙwadago, kada ka nemi abin da ya wuce wannan lissafi, gama rarar bashi biki da cefane ke cinye ta.

Na huɗu, ka zaɓi ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Akwai Bankin Manoma mai hedkwata a Kaduna. Akwai bankunan kasuwanci, waɗanda asusun lamunin noma da aka kafa a 1977 ke ɗauke musu kashi 75 cikin ɗari na bashin da ya maƙale. Akwai kuma kamfanonin casar shinkafa masu ba da iri da taki, su karɓi shanshera da kaka. Wanda ke gudun riba, kuma haƙƙin kowane Musulmi ne ya guje ta, sai ya tambayi bankunan Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, game da murabaha, inda banki ke sayen takin ya sayar masa da ƙarin da aka ambata tun farko, ko salam, inda ake biyan kuɗin amfani gaba ɗaya bisa sharaɗin an fayyace nau'i da awo da ajali.

Na biyar, ka miƙa takardunka tun da bazara, domin takin da ya iso bayan shuka ta yi ja, nauyi ne kawai a wuyanka. Kada ka dangwala yatsa sai wanda ka amince da shi ya karanta maka sharuɗɗan gaban shaidu, kamar yadda ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara ta yi umarni, ka kuma tambayi batun inshorar gona saboda ambaliya da fari.

Daga ƙarshe, ranar da amfani ya zo gida, ka fid da zakka, ka biya bashi tun kafin ka nufi kasuwar Dawanau. Ya ɗan'uwa manomi, rance amana ne. Idan ka cika alkawari bana, ka buɗe wa kanka da maƙwabcinka ƙofa baɗi.