Tambaya da Amsa: Wane ne Jonas Vingegaard?

TAMBAYA: Na ji a rediyo ana ambaton wani ɗan Danmak mai suna Jonas Vingegaard, wai zakara ne a tseren keke. Da na tayar da zancen a majalisarmu, ko mutum ɗaya bai san shi ba, har aka ce ƙirƙira na yi. Shin da gaske shahararre ne? Daga wani mai gyaran keke a Shema, Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma.

AMSA: Malam, ba ƙirƙira ka yi ba. An haifi Vingegaard a 1996 a arewacin Danmak. Kafin duniya ta san shi, leburanci yake yi a kamfanin sarrafa kifi a garin Hanstholm: ya yi sammakon aiki, in ya tashi ya hau keke ya yi atisaye. A 2019 ƙungiyar Jumbo-Visma ta ɗauke shi.

Gasar da ta fito da shi ita ce Tour de France, tseren mako uku a Faransa, zango 21, fiye da kilomita 3,000, da hawan duwatsu masu tsinka numfashi. Ya zo na biyu a 2021, ya lashe a 2022 da 2023. Abin mamaki, ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da dutsen kirki, amma a hawan dutse ya fi ƙwarewa.

Abin da ya sa nake ganin girmansa ya faru ne a 2022. Suna gangarowa daga dutse a guje, babban abokin hamayyarsa, Tadej Pogačar na Sulobeniya, ya zame ya faɗi gefen titi. Vingegaard bai ce gaba ta kai ni ba. Ya sassauta har Pogačar ya cim masa, suka yi musabaha a kan keke, sannan aka ci gaba. A Afrilun 2024 shi ma Vingegaard ya yi mummunan haɗari a Sifaniya, ya karya haƙarƙari, huhunsa ya huje, amma bayan wata uku ya zo na biyu a Faransa.

Batun shahara kuwa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Danmak dubban mutane suka cika dandalin birnin Kopenhagen don tarbarsa bayan ya lashe gasar. A nan kuma gidajen kallo ƙwallo suke nunawa, keke kuma na zuwa gona ne da ɗaukar jarkar ruwa, shi ya sa 'yan majalisarku suka san Messi ba su san shi ba.

Ka kuma gaya musu wasan bai fi ƙarfin ɗan Afirka ba. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a gasar Tour de France. Yaran da ke taka keke daga Shema zuwa Dutsin-Ma cikin rana suna da ƙafa. Ina roƙon masu kula da wasanni a Jihar Katsina su shirya musu gasa, a ga abin da za su iya.